Yadda ake haɗa littafin tatsuniya mai zane da zai koya wa yara warware matsala ta hanyar gwaji

Duk wanda ya tashi a gidan da ake tatsuniya bayan an ci tuwon dare ya san yadda Gizo yake kuɓuta idan ya shiga tsaka mai wuya. Ko dai ya yi wa Kura daɗin baki har ta saka kanta a tarkon da aka ɗana masa, ko ya yi mutuwar ƙarya, ko kuma hankaki su ara masa gashin fiffike ya bi su sama. Yara suna dariya, suna kuma ɗaukar darasin cewa mai wayo ba ya rasa mafita. Sai dai akwai wata irin dabara da babu yaudara a cikinta, wadda manomi yake bi idan ganyen dawarsa ya yi ja, makanike kuma yake bi idan inji ya ƙi tashi, wato a duba da kyau, a yi hasashen dalili, a gwada, idan bai yi ba a sauya abu ɗaya a sake gwadawa. A kan wannan hanya kimiyya ta ginu, kuma yaro ɗan shekara shida zai iya kama ta idan aka zuba masa ita a cikin labarin dabbobi mai zane mai kyau.

Ƙa'ida ɗaya ce take riƙe da irin wannan littafi, kuma duk matakan da zan kawo daga gare ta suka fito. A bar dabbobi su yi magana, su yi aure, su kai ƙara fadar Zaki, amma ruwa da iska da rana da inuwa dole su yi aiki a cikin labarin daidai yadda suke yi a tsakar gidan yaron da yake karantawa. Duk dabarar da jarumin ya bi ya fita daga matsala, wajibi ne ya zama yaro zai iya rufe littafin ya fita waje ya maimaita ta da hannunsa, kuma ta yi.

Mataki na farko: zaɓen matsala

Kada ka fara da labari, ka fara da tambaya guda ɗaya wadda yaro ya taɓa cin karo da ita. Me ya sa ruwan randa yake da sanyi alhali na bokiti ya yi ɗumi? Me ya sa inuwar mutum take tsawo da hantsi, ta gajarce da tsakar rana? Me ya sa ƙwarya take yawo a kan ruwa, ƙaramar tsakuwa kuwa ta nutse? Me ya sa wake yake tsira a jiƙaƙƙen tsumma ko babu ƙasa? Kowace daga cikin waɗannan ta isa littafi guda, kuma kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne su cusa uku ko huɗu a labari ɗaya don a ga sun koyar da yawa.

Tambayar da za ka zaɓa sai ta cika sharuɗɗa uku. Ya zama ana ganin amsarta da ido ko ana jin ta da hannu, domin mai zane ba zai iya zana abin da ba a gani ba. Ya zama kayan gwada ta suna nan a gida ba sai an saya ba. Sannan ya zama babu haɗari a cikinta, kuma a nan ba a sassauci: babu wuta, babu fetur ko kananzir, babu wayar lantarki, babu leƙa rijiya ko shiga kududdufi. Yaro yana kwaikwayon abin da ya gani a hoto tun kafin ya karanta gargaɗin da aka rubuta a ƙasansa.

Idan tunani ya ƙafe, tsofaffin labaran wasu al'ummu suna buɗe ido a kan yadda ake ɗaura labari a kan gaskiyar halitta. A ƙasar Sin ana ba da labarin Cao Chong, ɗan shugaban yaƙi Cao Cao, wanda ya rayu kimanin shekara 1800 da suka wuce, cewa aka kawo giwa aka rasa ma'aunin da zai ɗauke ta, sai yaron ya ce a saka ta a jirgin ruwa a yi alama inda ruwa ya tsaya a jikin jirgin, a fitar da ita, a zuba duwatsu har ruwa ya koma kan alamar, sannan a auna duwatsun kaɗan-kaɗan. Abin lura a labarin shi ne babu tsafi ko sa'a a cikinsa, kuma yaro zai iya maimaita shi da ƙwarya da baho da tsakuwa. Irin wannan tsabta ake nema. A wannan bayani zan ɗauki tambayar randa in bi ta daga farko har maɗaba'a.

Mataki na biyu: ka gwada da hannunka kafin ka rubuta kalma ɗaya

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowane muhimmanci. Akwai tsohon labari daga ƙasar Girka, cikin waɗanda ake jingina wa Isof, wani mai ba da labarai na zamanin da, na hankakan da ƙishirwa ta kama, ya sami tulu da ruwa a can ƙasa, ya riƙa jefa tsakuwa har ruwan ya taso ya sha. Labarin yana da tushe, domin a shekarar 2009 wasu masu bincike biyu a Ingila, Christopher Bird da Nathan Emery, sun nuna cewa wasu tsuntsaye dangin hankaka suna jefa duwatsu a cikin bututun ruwa don su taso da tsutsar da take yawo a samansa, har ma sukan fifita manyan duwatsu a kan ƙanana. Amma ranar da na zauna da kofi da tsakuwa don in gwada abin kafin in nuna wa yara, na zuba ruwa kaɗan a ƙasan kofin kamar yadda aka saba zanawa, na cika shi da tsakuwa har baki, sai ruwan ya ɓace a tsakanin duwatsun bai iso sama ba. Dalili shi ne tsakuwa idan ta taru tana barin gurabe a tsakaninta da suka kai kusan kashi biyu cikin biyar na wurin, ruwan kuwa waɗannan gurabe yake fara cikawa. Saboda haka idan ruwan bai kai wajen rabin mazubin ba tun farko, hankakan zai gama jifa bai sha ba. Da an zana tulun da ɗan ruwa a gindi, duk yaron da ya gwada a gida zai ga abin bai yi ba, kuma zai ɗauka ko shi ne bai iya ba, ko littafi ƙarya yake yi.

To, haka za ka yi wa tambayar randa. Ka sami randa ko tulu na yumɓu wanda ba a shafe shi da fenti ba, da bokitin ƙarfe, ka zuba musu ruwa daga wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Ka ajiye bokitin a rana, sannan a inuwa, sannan ka rufe shi da faifai, sannan ka naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara a inda iska take kaɗawa, kana taɓa ruwan bayan kowace awa kana rubuta abin da ka ji. Idan kana da ma'aunin zafi ya fi, idan babu hannu ya isa. Ka kuma fahimci dalilin da kanka sosai, fiye da abin da za ka gaya wa yaro. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana nasowa ta cikinsu zuwa waje, iska tana busar da shi, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake jikinsa. Giram ɗaya na ruwa idan ya bushe yana tafiya da zafin da ya isa ya sauke zafin ruwa fiye da rabin lita da digiri ɗaya. Shi ya sa randa ta fi aiki da bazara da hunturu lokacin da iska take a bushe, ta kuma yi rauni a tsakiyar damina lokacin da iska ta ƙoshi da laima. Wannan bambanci na yanayi sai ka riƙe shi, domin zai shafi lokacin da za ka sa labarin ya faru da kuma gargaɗin da za ka rubuta wa iyaye.

Mataki na uku: zaɓen 'yan wasa

Yaran Hausawa sun riga sun san halin kowace dabba, kuma wannan jari ne da ba sai ka ɓata shafi kana ginawa ba. Kura haɗama da wauta, Zaki mulki, Dila ilimi har ake masa kirari da malamin daji, Gizo kuwa wayo da son banza. Shawarata ita ce kada ka mai da Gizo mai bincike, domin yara ba za su yarda ba, sun san shi da neman gajeriyar hanya. Ka bar shi a halinsa ya zama mai gaggawa da yake da amsa tun kafin a gama tambaya. Jarumin ya zama ƙaramar dabba marar ƙarfi, kamar Kurege ko Zomo ko Bushiya, wadda ba ta da abin dogaro sai ido da haƙuri. Kuma kada ka kawo Dila ko wani tsoho ya zauna ya bayyana amsa a shafin ƙarshe, domin da zarar babba ya buɗe baki ya faɗi dalili, littafin ya tashi daga labarin bincike ya koma darasin allo. Dabbobi uku sun isa. Yana da kyau kuma a riƙa sa mace a matsayin mai binciken a wasu littattafan, saboda 'yan matan da za su karanta su ga kansu a ciki.

Mataki na huɗu: ƙashin bayan labarin

Labarin yana tafiya ne a kan gaɓoɓi biyar: matsala ta taso, jarumi ya lura da wani abu, ya yi hasashe ya gwada ya faɗi, ya sake ya faɗi, sannan wani abu da ya gani a cikin faɗuwarsa ya kai shi ga amsa. Tatsuniya dama tana son maimaici sau uku, saboda haka wannan tsari ba baƙo ba ne a kunnen yaro. Ga yadda buɗewar za ta iya kasancewa:

"Ga ta nan, ga ta nanku. Wata shekara bazara ta yi tsanani, har ƙadangare ya daina hawa katanga da rana. Kurege ya ɗebo ruwa a sabon bokitinsa na ƙarfe, da azahar ya kai baki sai ya ji shi kamar an sauke daga murhu. Ya tafi gidan Gwaggo Bushiya, ta ɗebo masa a moɗa daga tsohuwar randarta, ya sha har haƙoransa suka amsa. Ya ce, 'Gwaggo, rijiyarmu ɗaya, yaya naki ya yi sanyi nawa ya yi zafi?' Ta ce, 'Ɗan nan, haka na tarar randa tana yi. Je ka nemo dalili ka zo ka gaya mini.'"

Daga nan Kurege ya lura randar tana gindin bishiya, bokitinsa kuwa yana rana, sai ya ce inuwa ce dalili. Ya mai da bokitin inuwa, zafin ya ragu amma ruwan bai yi sanyin na randa ba. Wannan faɗuwa ta farko tana da daraja, domin hasashen ba shirme ba ne, rabin gaskiya ne, kuma yaro yana bukatar ya ga cewa amsa tana iya zama daidai ba ta cika ba. Sai ya lura randar a rufe take da faifai, ya rufe bokitinsa, babu abin da ya sauya. A nan Gizo zai shigo ya ce shi ya san sirrin, ya kwashe bokitin ya kai ɗaki, ya rufe, ya jefa ganye a ciki, ya yi masa waƙa, duk lokaci guda, Kurege kuma ya tambaye shi, idan ruwan ya yi sanyi, ta yaya za su san wanne daga cikin huɗun ne ya yi aiki? Da wannan tambaya ɗaya ka koya wa yaro ƙa'idar sauya abu ɗaya a kowane gwaji ba tare da ka ambaci sunanta ba.

Gaɓar da ta fi daɗi ita ce ta juyawa. Kurege ya gaji ya jingina da randar, ya tashi ya ji bayansa ya jiƙe, iska ta kaɗo ya ji wurin ya yi sanyi. Ya taɓa jikin randa ya ji naso, ya taɓa jikin bokiti ya ji shi a bushe ƙamas. Ya jiƙa buhu ya naɗe bokitin, ya bar shi a inuwa inda iska take wucewa, zuwa la'asar ruwan ya yi sanyi. Amma kada ka tsaya a nan, domin mai bincike na gaske yana neman tabbaci ta ɗaya ɓangaren, wato idan naso ne dalili, to randar da ba ta naso bai kamata ta yi sanyi ba. Wannan aiki Gizo ne zai yi maka shi cikin rashin sani: ya ga randarsa tana jiƙa ƙasa, ya ce ɓarnar ruwa take yi, ya shafe ta da fenti ciki da waje har tana ƙyalli, washegari ya kira baƙi su sha ruwan sanyi sai aka tarar da shi da ɗumi. Yara sun sami abin dariyarsu, hujja kuma ta cika.

Ka saka ɗan amshi da jarumin zai riƙa rerawa bayan kowace faɗuwa, yadda tatsuniya takan zo da waƙa, misali: "Na duba, na taɓa, na gwada, in bai yi ba in sake." Zuwa karo na uku yaran da kansu za su riƙa amsawa.

Mataki na biyar: raba labarin a shafuka

Yawancin littattafan yara masu zane shafi 32 ne, saboda yadda ake naɗe manyan takardu a maɗaba'a, kuma idan kuɗi sun yi kaɗan ana iya yin 24. Ko nawa ne dai, adadin ya zama yana rabuwa da huɗu. Ka ɗauki fararen takardu takwas, ka naɗe su biyu, ka ɗinke tsakiya da zare, ka sami littafin gwaji mai shafi 32. Shafuka uku na farko na sunan littafi ne da bayanin haƙƙin mallaka da sadaukarwa. Labarin ya ɗauki daga shafi na 4 zuwa na 27, wato buɗi goma sha biyu, kowane buɗi shafi biyu ne masu kallon juna, sauran kuma a bar su don gwajin gida da bayanin iyaye. Ka yanka rubutunka guntu-guntu ka manna a shafukan, ka zana ko da 'yan sanduna ne a inda kowace dabba za ta tsaya, sannan ka karanta da ƙarfi kana juya shafi.

Juyin shafi shi ne makamin da littafi yake da shi wanda mai tatsuniya da baki ba ta da shi. Kowane hasashe ya ƙare a ƙasan shafin dama, sakamakonsa kuma ya jira sai an juya. A wannan ɗan tsaiko ne yaro yake yin nasa hasashen. Idan za a fitar da littafin da ajami, a tuna cewa karatun daga dama yake farawa, saboda haka tsarin shafukan da inda dabbobin suke fuskanta duk sai an juya su.

Mataki na shida: tace kalmomi

Labarin duka kada ya wuce kalma 500, wato kimanin 30 zuwa 40 a kowane buɗi. Duk abin da zane zai nuna a cire shi daga rubutu. Ba sai ka rubuta cewa randar ja ce kuma tana gindin darbejiya ba, mai zane zai faɗa. A cikin labarin a yi amfani da kalmomin gida, naso da laima da tururi da bushewa, a bar manyan kalmomin aji. Kuma a kiyayi bayanin da yake da daɗin ji amma ba daidai ba ne, kamar a ce randa tana jawo sanyi daga ƙasa, domin abin da yaro ya haddace yana ƙarami da wuya ya fita daga kansa. Idan ana son littafin ya shiga Kano da Sakkwato da Damagaram da Maraɗi, a tsaya a kan daidaitacciyar Hausa a bakin mai ba da labari, a kuma tuna cewa a Nijar ana rubuta ƴ a inda Nijeriya take rubuta 'y.

Mataki na bakwai: aiki da mai zane

Ka kai wa mai zane littafin gwajin nan, ka kuma kai shi ya ga gwajin da idonsa, ya taɓa jikin randar. A irin wannan littafi hoto shi ne shaida. Nason da Kurege zai gano a shafi na 20 ya kamata ya kasance a jikin randar tun shafi na 6, ɗan duhu-duhu a gindinta da jiƙaƙƙen yashi a ƙarƙashinta, yadda yaro mai ido zai riga Kurege ganowa, wanda bai gani ba kuma ya koma baya ya tarar abin yana nan tun farko. Girman bokitin da yawan ruwansa kada su sauya daga shafi zuwa shafi. Inuwa ta faɗi ta ɓangaren da ya saɓa wa rana, ta kuma yi tsawo da la'asar. Iska ba a ganin ta, amma ana ganin ganye yana kaɗawa da shanya tana filfilawa. Kayan gida su zama irin na gidan yaron, faifai da moɗa da tabarma da zana. Kafin a fara aiki a rubuta yarjejeniya a kan kuɗi da lokaci da wanda ya mallaki zanen, a kuma sa sunan mai zane a bangon littafi tare da na marubuci, domin rabin aikin nasa ne.

Mataki na takwas: abin da yake zuwa bayan ƙurunƙus

Mai tatsuniya takan rufe da cewa ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya, wato tana sanar da yara cewa abin da suka ji ƙage ne. Ka rufe naka haka, sannan a shafin da yake biye ka raba wa yaro tsakani: maganar Kurege ƙage ce, sanyin randa kuwa gaskiya ne, ga yadda zai tabbatar. Ya jiƙa bayan hannu ɗaya ya bar ɗaya a bushe, ya yi musu fifita da mafici, ya faɗi wanne ya fi sanyi. Sannan ya sami kofunan silba biyu masu girma ɗaya, ya zuba musu ruwa daidai, ya naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma ɗaya da busasshe, ya ajiye su a inuwa wurin iska, ya dawo bayan awa ɗaya ya tsoma yatsa a kowanne. Kowane umarni ya zo da ƙaramin zane, a kuma bar fili inda zai zana abin da ya gani.

A shafin iyaye da malamai a bayyana dalilin a jimla biyar ko shida, a faɗa musu gwajin ya fi fitowa da rani, a kuma roƙe su kada su riga yaro faɗin amsa. A nan ne wurin kawo mutum na gaske. Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta ɗan Nijeriya, ya ɗauki wannan hikima ta yumɓu ya saka ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya yaɗa ta a ƙauyukan Jigawa don ajiyar tumatir da gauta da ganye a inda babu lantarki, har aka ba shi lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a shekarar 2000. Yaron da ya karanta wannan zai gane cewa tambayar Kurege ta taɓa zama aikin babban mutum a ƙasarsa.

Mataki na tara: ka karanta wa yara kafin a buga

Ka tara yara biyar ko shida 'yan shekara shida zuwa takwas waɗanda ba na gidanka ba, da izinin iyayensu, ka karanta musu daga littafin gwaji mai zanen farko. A kowane juyin shafi ka dakata ka tambaye su me suke tsammani zai faru, ka rubuta amsoshinsu. Idan duka suka faɗi amsar tun shafi na 8, alamun sun yi yawa a hoto. Idan aka gama babu wanda zai iya faɗin abin da ya sa ruwan Gizo ya yi ɗumi, gaɓar juyawa ba ta fito ba, sai a sake ta. Sau da yawa hasashen da yaro zai jefo ya fi wanda ka rubuta wa Kurege kyau, kuma ya halatta ka ɗauka. Bayan haka ka ba wani malamin kimiyya ya duba gaskiyar bayanin, wani masanin Hausa kuma ya duba ƙa'idar rubutu, musamman rabewar kalmomi.

Mataki na goma: ɗab'i da rabawa

Matsalar da aka fi cin karo da ita a maɗaba'a ita ce baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda sukan koma akwati ko su ɓace idan salon harafin bai ɗauke su ba. Salon Andika, wanda ƙungiyar SIL ta ƙera don masu koyon karatu, yana ɗauke da su duka kuma kyauta ne. Harafin ya zama babba, daga lamba 18 zuwa sama, baƙi a kan fili mai haske, kada a ɗora shi a kan zane mai hayaniya. A ɗauki hotunan zanen da ƙarfin ɗigo 300 a kowane inci, a mai da launukan zuwa tsarin CMYK da injin ɗab'i yake aiki da shi, a bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, a miƙa aikin a matsayin PDF da harafin a kulle a ciki. Kada a yarda a buga da yawa sai an ga kwafi ɗaya na gwaji an karanta shi harafi-harafi. Ɗinkin waya a tsakiya ya fi araha kuma yana barin littafi ya buɗe sosai, bangon kuma a lulluɓe shi da leda saboda hannun yara.

A Nijeriya lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, ana samun ta ne daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, kuma doka ta wajabta wa mai wallafa ya kai musu kwafi uku na abin da ya buga. Wanda ba shi da kuɗin ɗab'i yana iya shirya littafin da manhajar Bloom, wadda ita ma kyauta ce, ya buga kaɗan a shagon kwamfuta, ko ya ɗora shi a dandalin African Storybook ko StoryWeaver, inda ake ajiye littattafan yara a harsuna masu yawa har da Hausa, amma ya karanta sharaɗin lasisinsu da kyau, domin yana ba kowa damar saukewa da fassarawa da bugawa ba tare da biya ba, kuma sai mai zane ya amince da haka a rubuce.

Ranar da za a kai littafin makarantar firamare ko Islamiyya, a zaɓi watan Maris ko Afrilu lokacin da iska take a bushe, a tafi da tulu da bokiti da buhu da kofunan silba biyu. A zuba ruwan a naɗe kofin kafin a fara karatu, a ajiye su a bakin taga inda iska take shigowa, yadda kafin a kai ga shafin da Gizo ya shafe randarsa da fenti zafin ruwan ya riga ya sauka, yara su taso layi-layi kowa ya tsoma yatsa.